Kwal Na Shan Ruwa, Mutane Na Kwana Da Ƙishirwa

Wane irin rashin imani ne zai sa a je yankin da ruwan sama ke yi wa rowa, a kafa mahaƙar kwal da tashar wutar da ke ƙona shi? Tun kafin a kai ga kwal ɗin sai an zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa don kada ramin ya cika, rijiyoyin maƙwabta su yi ta ja da baya har su ƙafe. A wanke kwal da ruwa, a yayyafa wa hanya saboda ƙura, a tafasa wani ya zama tururin da ke juya inji. Mafi yawansa wajen sanyaya tashar yake salwanta, ya tashi sama ya bi iska.

Abin da aka yi wa ƙabilun Navajo da Hopi a Arizona ta Amurka ya isa ya hana mai tausayi barci. Daga farkon shekarun 1970 har ƙarshen 2005, ana jawo tsabtataccen ruwa daga ƙarƙashin Black Mesa, wani babban tudu a ƙasarsu, a dama shi da garin kwal, a tura ta bututu mai tsawon kusan kilomita 440 zuwa wata tasha a Nevada. Ruwan sha fa, a tsakiyar hamada, shi aka mayar jakin dako! Birane suka sha haske, alhali har yau gidajen Navajo da yawa ba su da famfo, sai sun yi doguwar tafiya a mota sun ɗebo. Wasu ko wutar ma ba ta iso musu ba. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Ruwan da ba a zuƙe ba kuma a ɓata shi. A 2012 dagwalon mahaƙu mai tsami da guba ya malala cikin madatsar garin Carolina a Afirka ta Kudu, mutane suka yi watanni ba ruwan sha mai kyau.

Kada wani ya ce mana ai dole ne a samu wuta. Tashar Matimba mai ƙona kwal a can Afirka ta Kudu da iska ake sanyaya ta, ruwan da take ci kaɗan ne. Farantan hasken rana kuwa wanke ƙura kawai suke buƙata. An san hanyar sarai. Kuɗin ne ba a son kashewa, tunda makiyayin da rijiyarsa ta ƙafe ba shi da lauya, kuma babu wanda ya tambaye shi ranar da aka sa hannu a lasisin haƙa.