Tunkiya Uku a Bakin Bulo Ɗaya

A unguwarmu ta wajen Ƙofar Marusa an san ni da abu biyu: ƙarfin murya da iya ciniki. Aikin gwamnati nake yi, amma shekara 14 ke nan ina turka raguna don babbar Sallah. Na ci kasuwar Charanchi, na ci ta Mai'adua, dillalai sun san ni. In na taya rago aka ce albarka, juyawa nake yi ba waiwaye, kafin in kai bakin kara an biyo ni. Don haka ranar da ƙanin matata ya dawo hutu daga karatu a Turai da wani kwali a jaka, ya ce wasa ne na ciniki, dariya kawai na yi. Na ce yaro, ka kawo wa kura nama har gida.

Sunan wasan Catan. Ya ce wani Bajamushe ne, Klaus Teuber, ya fito da shi a 1995, kuma asalin sana'ar mutumin haɗa haƙoran roba. A lokacin ban ga alaƙar ba. Daga baya, da na kwana ina cizon haƙora, na gane kasuwa ya buɗe wa kansa.

An ɗauke wuta a daren, zafi kuma ya hana zaman ɗaki, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida jikin katanga, aka kunna fitila mai caji. Mu huɗu ne: ni, uwargida, ƙanin nata, da autarmu da ke aji biyu a ƙaramar sakandare. Ya jera wasu 'yan kwalaye masu kusurwa shida har guda 19, suka haɗu kamar saƙar zuma, ya ce wannan tsibiri ne, mu kuma baƙi ne da muka sauka za mu kafa gari. Ni da ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne dam ɗin Zobe, yau ga ni a tsakiyar teku. Wani fili daji ne mai ba da itace, wani tudu ne mai ba da bulo, wani gonar alkama, wani dutse mai tama, wani makiyayar tumaki. Guda ɗaya hamada ce, ba ta ba da komai, a nan wani ɗan gunki yake zaune wai shi ɓarawo. Kowane fili da lambarsa. A jefa ƙwayoyin lido biyu, lambar da ta fito, duk mai ƙauye a jikin filin ya karɓi kati. Wanda ya riga kai maki 10 shi ya ci.

Uwargida ta tambaya ko akwai kuɗi a ciki, don ita ba ta zama kan tabarmar caca. Aka ce babu ko sisi. Ta gyara zama.

Ya ci gaba da bayani, wai hanya bulo ɗaya da itace ɗaya, ƙauye kaza da kaza, birni kaza. Ni tun da na ji kalmar tumaki na daina saurare. Wane ne zai koya mini darajar tunkiya? Da aka ce kowa ya dasa ƙauyukansa biyu na farko, na lalubi makiyaya na dasa nawa, ɗaya tsakanin makiyaya biyu masu lamba 5 da 9, ɗayan a jikin ta uku mai lamba 10. Na lura 6 da 8 da jan tawada aka rubuta su, na ce ja alamar haɗari ce, na kauce. Bulo kuwa na zaɓi tudun da ke ɗauke da 12, don a hankalina babbar lamba babban rabo. Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta ɗora nata a kan jajayen nan biyu, alkama da tama, irin yadda take tsintar tumatir a tire ba ta duban mai talla.

“Yaya, ka tabbata nan za ka zauna?” in ji ƙanin nata.

“Kai dai jefa ƙwaya. Lokacin da na fara sayen rago ko wando ba ka sawa.”

Wasa ya fara, kuma Allah ya sani farkonsa ya yi mini daɗi. 5 ta fito, tunkiya. 9 ta fito, tunkiya. 10, tunkiya. Ina jera katunan a hannu ina jin kaina kamar Sarkin Fulani. Matsala ɗaya ce: duk abin da na tashi ginawa sai a ce bulo. Hanya bulo. Ƙauye bulo da itace da alkama, tunkiya ɗaya tak a ciki. Birni kuwa alkama biyu ne da tama uku, ko gashin tunkiya ba ya so. Bulo ɗaya da aka ba ni na fara jari, Auta ta zare shi tun zagayen farko. Na zauna jiran 12 kamar mai jiran kuɗin fansho. Can yarinyar ta ji tausayina ta ce, “Baba, malaminmu na lissafi ya ce ƙwaya biyu hanya 36 suke faɗuwa. 12 hanya ɗaya gare ta kawai, sai shida da shida. 6 da 8 kowace hanya biyar.” Na ce ashe kuɗin makarantar da nake biya makami nake saya wa abokan gaba.

Aka ce ai akwai banki, in ka kai kati huɗu iri ɗaya a ba ka ɗaya na abin da kake so. Tunkiya huɗu a bakin bulo ɗaya! Na ce ko a shekarar fari ba a yi wannan zalunci ba, ba da ni ba. Zan riƙe kayana har kasuwa ta tashi. Haka nake yi da ragunana, ba na sakin su sai ana saura kwana uku Sallah, lokacin da idon masu layya ya raina fata.

Sai dai a tsibirin nan babu Sallah. Abin da ke akwai shi ne 7.

Kati 11 ne a hannuna, tara tumaki, lokacin da Auta ta jefa uku da huɗu. Ƙanin uwargida ya tafa hannu ya ce ɓarawo ya fito, duk mai kati fiye da bakwai ya zubar da rabi. Na ce yaushe aka yi wannan doka? Ya ce tun farko ya faɗa, lokacin ina ƙirga makiyaya. Kuma wai 7 ta fi kowace lamba yawan fitowa, hanya shida cikin 36. Na miƙa tumaki biyar ina ji ina gani. Bai ishe su ba, yarinyar da na yi wa huɗuba da bakina ta ɗauki gunkin nan daga inda yake ta dangwara shi kan makiyayata mai lamba 9, ta miƙo hannu ta zari kati ɗaya. Ta duba, ta yamutsa fuska.

“Tunkiya kuma? Baba, ba ka da wani abu ne?”

A nan muryata ta fara tashi. Ban san ta tashi ba, daga baya aka ba ni labari. Wai cewa nake yi, “An kwashe mini rabin tumaki! Ɓarawo ya zauna mini a gida, ya ƙi tashi!” Uwargida ta ce, “Malam, dare ne fa.” Na ce dare ai shi ne lokacin ɓarayi.

Daga nan girman kai ya sauka, na shiga talla. Tunkiya ɗaya a ba ni bulo. Shiru. Tunkiya biyu. Auta ta ce albarka, da irin muryar da nake faɗa wa dillalai, har da kau da kai. Ƙanin uwargida ya shafa haɓa ya ce shi don zumunci zai karɓi uku. Na yi salati, na yi tsaki, na tuna masa wanda ya biya masa kuɗin jarrabawar fita sakandare. Ya ce uku. Na ɗaga murya na ce, “Tunkiya uku a bakin bulo ɗaya, na sallama!” Sau uku muka yi irin wannan ciniki a daren. Sai a na ukun na lura da inda yaron ya dasa ƙauyensa: bakin teku, kan wata tashar jirgin ruwa mai hoton tunkiya, inda ake karɓar biyu a ba da duk abin da mutum ke so. Wato ya karɓi uku a hannuna, ya kai biyu tasha ya maido bulonsa, ɗaya ta zama la'ada. Shekara 14 ina kaffa-kaffa da dillalan Charanchi, ashe babbansu a gidana yake cin tuwo.

Duk wannan hayaniya uwargida ba ta cikinta. In 6 ta fito ta ɗauki alkama, in 8 ta fito ta ɗauki tama. Ƙauye ya zama birni, birni kuma kati biyu yake ba ta maimakon ɗaya. Lokaci zuwa lokaci ta ce, “Malam, kawo tunkiya biyu in ba ka alkama,” in miƙa da godiya, ta haɗa tunkiya da alkama da tama ta sayi wani kati da ake kifewa. Uku daga ciki barade ne. Duk barden da ta buɗe sai ta kori ɓarawo daga filinta, kuma ban san dalili ba, hanyar gidana kaɗai ya sani. Da suka cika uku aka ba ta maki biyu na babbar runduna. Matar da in ƙadangare ya shigo ɗaki sai an kira ni daga ofis.

Ni kuwa na koyi darasi, na daina wuce kati bakwai. Bakwai cif na riƙe, duka tumaki, ina jiran zagayena. Sai ta buɗe kati na ƙarshe, ta miƙa wa ƙaninta ya karanta. Ya karanta, ya kwanta a tabarma yana dariya. Wai mai wannan kati zai ambaci kaya iri ɗaya, kowa ya miƙo duk abin da yake da shi.

Ta dube ni, da murmushin da rabona da shi tun muna zance a zauren gidansu. “Tumaki,” ta ce.

Bakwai nawa, ɗaya na Auta. Ta kai takwas ɗin bankin nan da na ce ba na shiga, ta karɓo tama biyu, ta haɗa da abin da ke hannunta ta gina birni na uku. Maki 10. Ni ina da uku, da wata 'yar hanya da ta nufi hamada. Ta tattara kofunan shayi ta ce a tashi, gobe akwai makaranta.

Da a nan abin ya tsaya da ban ba da labarin ba. Na manta cewa katangar da muka jingina da ita, bayanta tsakar gidan maƙwabcina ne, wani dattijo mai gidan buga bulo, wanda shi ma zafi ya koro shi waje.

Da asuba ana sallame salla na ga ana waiwayena. Liman ya miƙo hannu ya ce Allah ya mayar da alheri. Wani ya ce Allah ya tona asirinsu. Wani ya tambaya ta katanga suka hauro ko ƙofa suka ɓalle. A garin nan maganar satar dabbobi ba abin wasa ba ce, kowa ya san wanda aka yi wa, shi ya sa fuskokin nan duk da gaske suke. Dattijon ya matso ya kama hannuna da hannu biyu.

“Malam, mun ji komi. Na so in fito, iyali suka riƙe ni, suka ce ɓarawon shina ciki bai tafi ba. Amma abin da ya fi tada man hankali, mi ya yi zafi haka har kake ba da tunkiya uku a bulo guda? In katangar za ka ƙara wa tsawo, ka zo in ba ka bashi.”

Na so ƙasa ta tsage. Yanzu ta ina mutum mai furfura a gemu zai fara yi wa sahun farko bayanin cewa tumakin na takarda ne? Na ce wasa ne. Suka ce wane irin wasa da ɓarawo? Na ce ɓarawon na katako ne, 'yata ce ta kawo shi. Aka yi tsit. Na ce a tsibiri abin ya faru. Liman ya dubi ladan. Wani tsoho da muke yi wa kallon ba ya ji sosai ya ce a bar shi ya huta, asara tana taɓa mutum ta inda ba a zato. Ƙarshe sai da na ja mutum biyar zuwa gida, na nuna musu ragunana huɗu suna cin harawa lafiya lau, sannan na sa aka fito da kwalin. Dattijon ya ɗaga katin tunkiya ya juya gaba ya juya baya, ya ce, “Wannan ce ka hana mu barci a kanta?” Ƙanin uwargida yana bayan ƙofa, ina jin shessheƙar dariyarsa.

Kafin azahar labari ya kai majalisar bakin titi. Mai shayi ya tambaye ni ko akwai sauran fili a tsibirin, yana son kusa da tasha. Wani dillali da na taɓa wahalarwa a kan rago ya bugo waya musamman, bai ko gaishe ni ba, ya ce yana da bulo goma.

Da la'asar kuma sai ga sallama. Yaron gidan bulo ne da baro, a ciki bulo ɗaya mai inci tara, sabon bugu, da igiya uku a naɗe a kai. Ya ce Alhaji ya ce a gaishe ni, kuma ciniki ya faɗa tun jiya gaban shaidu, don shi da kunnensa ya ji na ce na sallama har sau uku. Na tsaya ina duban yaron, yaron yana duban ragunan. Mayar da bulon abin kunya ne, riƙe shi kyauta ya fi kunya. Na laluba aljihu na biya kuɗinsa, na ƙara wa yaron na ruwa, na ce ya mayar da igiyoyin.

Na ɗauko shi da kaina na dire a tsakar gida. Uwargida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube shi, ta dube ni.

“Barka, Malam. Saura itace ka yi hanya.”