Wa yake ba amarya rasit ɗin lefe?

Na jima ina riƙe da wannan maganar a cikina. Sai jiya Yaya ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunan kowa, ko mutum ko kamfani. To ba zan kama ba.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce, Yaya da maigidanta suka kwashi yara suka tafi gida gaisuwa. Kwana biyu kacal suka yi. Da suka dawo suka tarar an ɓalle ƙarfen tagar kicin, an shiga ɗakinta, an fasa durowa. Ba a taɓa talabijin ba, ba a taɓa firij ba. Ƙaramin kit ɗin da take ajiye gwal kaɗai aka ɗauke. A ciki akwai saitin sarƙa da ɗan kunne na lefenta, da awarwaro shida da ta gada daga Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta, da zobba uku, da wata siririyar sarƙa da ta saya da kuɗin adashi.

Abin da ya ɗan sanyaya mana zuciya a ranar shi ne maigidan yana da inshorar gida, ta gobara da fasa gida, shekara huɗu yana biya bai taɓa fashi ba. Aka kai rahoto wurin 'yan sanda, aka karɓo takarda, aka cika fom. Bayan kwanaki kamfanin ya turo mai tantance asara. Mutumin kirki ne, ya jajanta, ya duba tagar, ya ɗauki hotuna, ya zauna a falo ya buɗe littafinsa, sannan ya ce: "Hajiya, ina rasit ɗin kayan?"

Yaya ta dube shi ta ce: "Malam, lefe ne fa. Dangin miji suka kawo a akwati."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da take nufi. Ranar kawo lefe mata ne cike da tsakar gida, ana buɗe akwatuna ana guɗa, ana ɗaga atamfa da leshi ana ƙirgawa. Wace uwar ango ce za ta maƙala rasit a jikin sarƙa? Ai abin kunya ne, sai a ce gori take yi. Awarwaron kuwa Hajiya ta sayo su a Makka tun muna yara, ta yi shekaru tana sawa kafin su zo hannun Yaya ta hanyar gado. Sarƙar adashin ce kaɗai aka ba ta wata 'yar takarda a kanta, irin mai santsin nan da inji ke fitarwa, wadda rubutunta ke gogewa da kansa ko ba a taɓa ta ba. Da aka lalubo ta a cikin jaka, fara ce fat.

Haka gwal yake zuwa hannun matanmu: lefe, gado, tsarabar Hajji, kyautar suna, ko musaya a wurin 'yan gwal, ki ba da tsohon ƙira ki cika kuɗi ki karɓi sabon yayi. Ban san mace ɗaya cikin danginmu da ke da rasit ɗin duk abin da ke kit ɗinta ba.

Kada a ce na ƙi gaskiya, kamfani yana da tasa hujjar. Da za a riƙa biyan duk wanda ya zo ya ce an sace masa gwal giram ɗari biyu, da baki kawai, da an daɗe da rufe kasuwar. Akwai masu sa fashan su ce gwal ne, akwai masu sayar da kayansu a ɓoye su ce ɓarawo ne. Kuɗin da ake biyan diyya da su kuma na sauran masu zubi ne, don haka duk wanda ya ci da ƙarya haƙƙin jama'a ya ci. Addininmu ma ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, a kan mai musu kuma rantsuwa. Ban ga laifin wanda ya ce a kawo shaida ba.

Inda nake da ja shi ne lokacin da aka nemi shaidar. Ranar da wakilin kamfani ya zo tallar inshora, ya sha lemo a wannan falon, ya tambayi maigidan jimillar darajar kayan gida, aka faɗi adadi a dunƙule, ya rubuta, ya lissafa kuɗin shekara, aka biya. Bai ce a fito da gwal a auna ba. Bai ce a kawo takardar ƙima ba. Bai nuna musu layin nan da ke can tsakiyar takardar yarjejeniya ba, wanda ya ce duk kayan ado mai daraja da ba a lissafa shi da sunansa ba, akwai iyakar abin da za a biya a kansa, komai tsadarsa. Sau huɗu ana sabunta yarjejeniya, sau huɗu ana karɓar kuɗi, babu wanda ya ce uffan. Sai ranar da mace ke zaune ido ya kumbura da kuka aka tuna da rasit. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Wanda ya san zai nemi takarda ranar biya, ya neme ta ranar karɓa, lokacin da kayan ke nan a hannu ana iya ɗora su a sikeli. Ran wanka ba a ɓoye cibi, kuma ranar sa hannu ita ce ranar wankan.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki, shi kansa rasit ɗin da ake ta nema ba ya faɗin darajar gwal. An yi bikin Yaya a 2009. A shekarar farashin oza ɗaya na zinare a kasuwar duniya yana wajen dala 1,000, dala kuma tana wajen naira 150. Oza giram 31.1 ce, ke nan giram ɗaya na tsantsar zinare bai wuce naira 5,000 ba. A watan Maris na 2025 oza ta haura dala 3,000, a watan Oktoba ta haura dala 4,000, ga naira da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta tun watan Yunin 2023 har dala ta kai wajen naira 1,500. Ku buga lissafin da kanku, a watan Oktoban 2025 giram ɗin nan ya kai wajen naira 190,000, kusan ninki arba'in. To da Yaya ta kawo rasit ɗin 2009, me adadin da ke jikinsa zai gaya wa mai tantancewa? Abu biyu ne kawai masu amfani a jikin takardar: nauyi da karat, wato ma'aunin tsantsar zinaren. Sauran kuɗin ƙira ne.

A nan ne gwal ya bambanta da kujera ko talabijin. Shi ba ya tsufa, farashinsa kuma a bayyane yake kullum, kowa na iya dubawa a waya. Idan aka san nauyi aka san karat, an san daraja. Ku juya maƙullin sarƙarku ko cikin awarwaro, yawanci za ku ga ɗan hatimi: 916 yana nufin karat 22, 875 karat 21 wanda aka fi samu a na Saudiyya, 750 kuma karat 18. Tunda haka ne, tambayar da ta dace a yi wa mace ita ce: me kike da shi da zai nuna kin mallaki abin, me kuma zai nuna nauyinsa? Wannan tambayar tana da amsoshi da yawa. Tambayar rasit amsarta ɗaya ce, kuma yawancinmu ba mu da ita.

Mu dai da muka ga an tsaya a kan rasit, sai muka zauna ni da Yaya muka shiga tono. Albam ɗin biki ya nuna saitin lefen a wuyanta ranar kamu, a fili, har ƙirar ana gani. Hotunan sunan yaranta uku sun nuna awarwaron a hannunta cikin shekaru daban-daban, wanda ya tabbatar ba aro ta yi na rana ɗaya ba. Muka je wurin mai gwal ɗin da ta sayi sarƙar adashi, Allah Ya saka masa da alheri, ya ɗauko tsohon littafinsa na ciniki ya yi ta buɗawa har ya gano ranar, ga nauyin a rubuce da hannunsa, ya ba mu takarda mai hatimin shagonsa. Bayanan asusunta na banki suka nuna kuɗin da ta tura masa a wannan ranar. Ta je kotu ta yi takardar rantsuwa ta lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa ni hawaye shi ne takardar rabon gadon Hajiya. Lokacin rabon, malamin da ya yi ya dage sai an kira mai sikeli an auna kowane yanki an rubuta kafin a yi masa kuɗi. Wasu a cikinmu har sun ɗan ji haushi a ranar, suna ganin ana ja da nisa a gidan makoki. Kawu ne ya adana takardar a cikin jakar Alƙur'aninsa. Ga shi nan a rubuce: awarwaro shida, nauyi kaza, karat 21, rabon wance, shaidu sun sa hannu. Wannan takardar babu wanda ya iya musa ta.

Da muka kai duk wannan, magana ta sauya. An biya wani abu a kan awarwaron da sarƙar adashi, amma wancan layin na iyaka ya datse shi, bai kai rabin abin da za a saye su yau ba. Saitin lefen an yarda tana da shi, aka yi masa ƙiyasi mafi ƙanƙanta saboda hoto ba ya nuna nauyi. Zobban ko kwabo.

Na ce wa maigidan ya kai ƙorafi gaba, domin akwai inda ake kaiwa. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997 don sa ido a kan kamfanonin inshora a Najeriya, tana karɓar koken masu inshora da suke ganin an tauye su. Ya ce zai yi tunani, ya gaji da zirga-zirga. Ban matsa masa ba.

Ina so masu wannan sana'a su ji ni da kyau. Shekaru ana kukan cewa mutanen Arewa ba sa shiga inshora. A 2013 hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, domin a samar da tsarin da ya dace da Shari'a, malamai suka yi bayani, shakkun riba da caca ya ragu a zukatan mutane da dama. Madalla. Amma in kuna son shiga gidajenmu, ku san yadda dukiya take zama a cikinsu. Mace a nan ba lallai ta mallaki fili ko hannun jari ba. Gwal ɗinta shi ne bankinta, shi za ta sayar ranar da aka ce a biya kuɗin tiyata, ko kuɗin makaranta, ko ranar da aure ya mutu ta koma gida da yara. Ku sa awo ya zama sharaɗin farko. Wakilinku ya raka mai gida wurin amintaccen mai gwal, mace ta riƙe kayanta da hannunta, a auna, a rubuta, a ɗauki hoto, a liƙa a jikin yarjejeniya, a kuma sake duba ƙimar duk lokacin sabuntawa tunda farashi ba ya tsayawa. Ku faɗa da Hausa, da baki, cewa inshorar fasa gida ba ta biyan ɗan kunnen da ya faɗi a wurin biki, wannan sai an yi wani tsari daban da ya haɗa da ɓata a waje. Ku rubuta a fili irin shaidun da za ku karɓa in babu rasit. Labarin mace ɗaya da aka biya da mutunci ya fi muku talla goma a rediyo, haka labarin wadda aka juya, domin a gidan suna ake ba da shi.

Mu ma da namu sakacin. Ina ganin har da cewa a mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakka a kan kayan adon da mace ke sawa, shi ya sa ba mu saba aunawa duk shekara ba, sai mai ajiya ko mai kasuwanci da shi ne ke lissafin nisabin giram 85. Ga kuma ɓoyo. Wata ko mijinta bai san abin da ke kit ɗinta ba, tana tsoron baki, ko tsoron a ce ta ara a ja jari. Na fahimci wannan, ban kuma ce ki yi shela ba. Amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har aka ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ki ɗora kowane yanki a sikeli, ki ɗauki hotonsa lambar nauyin tana fitowa, ki ɗauki hatimin da ke jiki, ki tura wa kanki ta imel ko ki ba 'yar'uwar da kika yarda da ita. Kada ki ajiye takardar a cikin kit ɗin, domin tare za a ɗauke su.

Yaya har yanzu ba ta sayi komai da kuɗin da aka ba ta ba. Ta ce ko ta sayi wasu awarwaron ba su ne Hajiya ta sa a hannunta ba. Ƙanwarmu za a kawo lefenta bayan babbar Sallah, kuma mun riga mun yi magana da mai gwal ɗin nan, washegarin kawowa da safe za mu kai masa ya auna.