Idan Zamfara za ta tura tawagar neman darasi, Aceh ta fi Dubai

Duk sa'ad da aka ce jami'ai sun fita ƙaro ilimi, sunayen da ake ji ba su wuce Dubai da Landan. Amma jihar da ta shafe fiye da shekara goma tana jana'iza, daga Maradun har Tsafe, inda ya dace ta leƙa shi ne Aceh, lardin da ke bakin teku a arewacin tsibirin Sumatra na Indonesiya. Musulmi ne, suna aiki da shari'a kamar mu, kuma sun ga abin da ya fi namu muni.

Tun 1976 ƙungiyar GAM, mai neman ɓallewar Aceh daga Indonesiya, take yaƙi da gwamnatin ƙasar da ke Jakarta. Ana cikin haka, ranar 26 ga Disamba 2004, girgizar ƙasa mai ƙarfin 9.1 ta tayar da igiyar tsunami, ta hallaka mutum fiye da 160,000 a lardin kaɗai. Wata takwas bai cika ba, ranar 15 ga Agusta 2005, ɓangarorin biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Helsinki, bisa shiga tsakanin tsohon shugaban Finland, Martti Ahtisaari.

Wannan takarda ce dalilin tafiyar, domin komai a cikinta da lissafi. GAM za ta miƙa makamai 840, ta sallami mayaƙa 3,000. Za a yi hakan a zango huɗu, daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba, kuma duk zangon da aka miƙa bindigogi, gwamnati ta janye wani kaso na sojojin da ta jibge. Masu sa ido daga Tarayyar Turai da ƙasashen yankin suka tsaya a kai, ana karɓar bindiga ana yanka ta da injin a gaban jama'a. Aka yi afuwa ga fursunoni, aka ba lardin damar kafa jam'iyyunsa, har wani jigon GAM, Irwandi Yusuf, ya ci zaɓen gwamna a 2006. A kwatanta da sulhun da aka yi a Zamfara a 2019: an yi taro, an ɗauki hoto, an miƙa 'yan bindigogi, amma jama'a ba su ga rubutaccen adadi ko wa'adi ba, balle wani na uku da zai ce wane ne ya saɓa.

Za a ce ai ba ɗaya ba ne, kuma gaskiya ne. GAM tana da shugabanci guda, idan na sama ya ce a ajiye, an ajiye. 'Yan bindigar dajinmu kowa da dabarsa, ka sasanta da wannan, wancan ya tare hanya. Don haka ba kwafo yarjejeniyar za a je yi ba. A je a tambayi yadda aka ƙirga makamai, da yadda aka yi da tsohon mayaƙi bayan an sallame shi, har da inda aka gaza, domin ƙorafin filayen noma da aka yi musu alkawari ya daɗe ana yin sa.

Tafiyar kanta tana son shiri. Ɗan Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi. Sai an samu mai tsaya masa a can, hukumar shige da fice ta Jakarta ta tantance, don haka a fara neman gayyata daga jami'a ko wata hukuma watanni kafin a sayi tikiti. A riƙe katin rigakafin shawara. Daga Abuja ko Kano sai an ya da zango, sannan a shiga Banda Aceh, babban birnin lardin, ta Jakarta ko Medan ko Kuala Lumpur. Kada a karɓi saƙon kowa a jaka: hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar kisa ne, kuma an zartar da shi kan 'yan Najeriya a 2015 da 2016.

A canji rufiya, kuɗin ƙasar, tun a Jakarta ko Medan, saboda dokar lardin ta bar bankunan Musulunci kaɗai, kuma ba kowace na'urar cirar kuɗi ke karɓar katin waje ba. Agogonsu yana gaban namu da awa shida. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba. Shafi'iyya ne, liman zai bayyana bisimilla a Fatiha, kada wani ya tayar da gardama a masallacin Baiturrahman.

A ware yini guda don gidan tarihin tsunami, da jirgin ruwan samar da lantarki mai nauyin tan 2,600 da ruwa ya jefa tsakiyar unguwa, da kabarin bai-ɗaya na Siron kan hanyar filin jirgi, inda aka binne sama da mutum 46,000. Wurin addu'a ne, a rage ɗaukar hoto. A tawagar kuma a sa hakimi, da arɗo, da malamin da ke zaman sasanci a ƙauye, ko da za a rage kujerun kwamishinoni.