Jariri Yana Koyon Harshe Tun Kafin Ya Fara Magana

Mutane da yawa sun ɗauka cewa jariri ba ya tsintar komai daga maganar da ake yi kusa da shi sai ranar da bakinsa ya buɗe, shi ya sa wasu ke ganin hira da ɗan goye ɓata yawu ne kawai. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba.

A shekarar 1996, Jenny Saffran da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka sun kunna wa jarirai 'yan wata takwas wasu ƙirƙirarrun kalmomi a jere, babu tsayawa tsakaninsu, na minti biyu kacal. Da aka gwada su, sai aka ga suna bambanta gaɓoɓin da suka saba zuwa tare da waɗanda ba su saba ba, wato sun fara gano iyakar kowace kalma da kunne kaɗai.

Tunda jariri ba ya amsa tambaya, tsawon lokacin da ya juya kai yana saurare ake aunawa. A irin wannan gwaji yakan zauna a cinyar mahaifiyarsa, ita kuma a toshe mata kunne da kiɗa, don kada motsin jikinta ya karkata hankalinsa.