Wasan da ya nemi intanet ba jabu ba ne

Yana damuna yadda matasa a Gusau ke cewa duk wasan kwamfutar da ya ƙi buɗewa sai da intanet, to jabu aka sayar maka. Na fahimci dalilinsu: ka biya kuɗinka, faifai na hannunka, me kuma ake nema?

Amma sau da yawa na asalin ne ke yin haka. Kamfanin ne ke son tabbatar da cewa lambar da ke jikin kwalin ba a kwafa ta ba, don haka sai kwamfutarka ta gaisa da tasu kafin ƙofa ta buɗe. Tun 2004 wasan Half-Life 2 ya zo da wannan sharaɗi ta hanyar Steam, manhajar sayen wasanni da buɗe su a kwamfuta.

Ƙanena ya taɓa mayar wa mai shago faifai, ransa a ɓace, alhali rajistar farko kawai ta rage. Bayan ita, Steam na barin wasanni da yawa su yi aiki babu intanet.

Ƙorafin kansa yana da tushe. Da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, wanda bai riga ya yi rajista ba sai haƙuri. Mai gudun wannan ya duba GOG, wani shagon wasanni na intanet, wasanninsu ba su da wannan kwaɗon.