Filafili ne ya ba talakan Atina baki

Duk lokacin da aka ce dimokuraɗiyya daga Girka ta fito, sai a zana mana wasu dattawa masu farin gemu a inuwa suna tunani. Ni kam ban yarda ba. A ganina, larurar yaƙi ce ta sa masu hali na birnin Atina suka sassauta riƙo.

A da, wanda ya iya sayen garkuwa da mashi da kwalkwalin tagulla shi ke fita fage, shi ke da ta cewa a gari. A shekarar 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka dace da azurfa mai yawa a ma'adinan Lauriyon, a ƙasar Atina. An so a raba kuɗin, kowa ya samu darakma (kuɗinsu na lokacin) 10, Temistokilis, wani jagoran birnin, ya dage sai dai a ƙera jiragen ruwa na yaƙi. Kowane jirgi yana cin matuƙa 170, jeri uku wani bisa wani, na can ƙasa yana jan filafili cikin duhu, zufar na sama tana ɗiga masa. Wa zai yi wannan aikin in ba wanda ko garkuwa ba shi da ita ba? Shekara 3 bayan nan, waɗannan talakawa suka karya jiragen daular Farisa a mashigin tekun Salamis. To, wanda ya ceci gari, da wane baki za ka ce masa ya yi shiru a dandalin taro?

A 462, Kimon, wani jagoran yaƙin Atina, ya kwashi mayaƙa 4,000 masu garkuwa ya tafi taya birnin Siparta murƙushe bayinta masu tawaye, Sipartawa suka zarge su, suka sallamo su. A tsakanin nan, a Atina, wani ɗan siyasa mai suna Efiyaltis ya ƙwace yawancin ikon majalisar manya ya miƙa wa taron jama'a da kotuna. Bai daɗe ba aka yi masa kisan gilla. Kada ma a yi zaton adalci ya game kowa: mata ba su da ƙuri'a, azurfar nan kuwa bayi ne ke haƙo ta.

Na san wani zai ce ai Siparta, wadda ba ta ba talakanta baki ba, ita ce ta ci Atina a 404. Gaskiya ne, amma da jiragen da kuɗin Farisa suka ƙera. Siparta ta ƙi buɗe ƙofar zama ɗan gari, duk wanda ya kasa biyan kasonsa na abincin tarayya sai a cire shi. Cikakkun 'yan garinta wajen 8,000 ne a zamanin Salamis. Ranar da birnin Tebis ya tare ta a Liyuktira a 371, guda 700 kacal ke fagen, aka kashe 400.