Wai yaushe tura lambar akawun ta zama sana'a?

Jiya bayan la'asar ina zaune a shagon wani abokina tela a Tudun Wada sai ga ɗan maƙwabcina ya zo wucewa, yaron da a gabana aka raɗa masa suna. Ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, shekara biyu ke nan yana gida. Abokin nawa ya ce masa yana neman yaro mai natsuwa da zai koya wa ɗinki da aikin wuyan riga, har na abinci zai riƙa ba shi kullum. Yaron nan ya kalli keken, ya kalli ƙyallayen da ke zube a ƙasa, ya gyara zaman agogonsa ya ce "Kawu ai mun wuce nan." Na yi shiru. To wallahi ƙarfe goma na dare sai ga saƙo a wayata: "Kawu barka da dare, a taimaka wa yaronka da na data." Ga lambar akawun a ƙasa, har da sunan banki don kar in wahala.

Ƙannena, wannan abin shi ke ci min tuwo a ƙwarya. Ka fi ƙarfin zama kan keke amma ba ka fi ƙarfin roƙo ba? Girman kai rawanin tsiya. Yanzu ba dama ka amsa sallamar saurayi a Facebook, daga "ya iyali" sai akawun, ranar Juma'a kuwa goron Juma'a ya zama kamar bashin da yake bin ka. Ka je ɗaurin aure a cikin birni ka ga ƙarti majiya ƙarfi sun yi wa motar wani Alhaji zobe, "yaranka ne, sai kai", a watsa musu 'yan ɗari biyar-biyar su hau kokawa har da yaga riga. Makaho da gurgu na gefe sun rasa ta inda za su kutsa.

Na san ana cikin matsi, ba a sama nake zaune ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na ji a jikinsa, aikin gwamnati kuma sai mai uwa a gindin murhu. Amma a Zariya fa muke. Garin da Sardauna ya kafa mana ABU tun 1962, ga Barewa, ga Alhudahuda, ga Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon aikin fata a Samaru, kuma duk da wannan boko iyayenmu ba su taɓa yar da allura ba. Malami zai gama ba da karatu a zaure ya jawo babbar riga ya ci gaba da aska takwas ɗinsa, ɗan makaranta ya dawo ya ajiye jaka ya wuce gona ko maƙera, ba wanda ke ganin an rage masa daraja. Je ka unguwar PZ ko kasuwar Sabon Gari ka ƙirga masu gyaran waya da masu walda da masu kayan gyaran mota, ka ga nawa ne suka baro garuruwansu suka zo suna gina gidaje da kuɗin da mu muke tsallakewa.

Mu kuwa namu suna majalisa tun hantsi ana musun ƙwallon Ingila, in an samu ɗari biyu a zuba a cacar waya, wasu kuma an koma shan maganin tari, wannan ma zancen wata rana ne. Wayar hannun yaro ta fi jarin mai shayi tsada, amma na cajinta ma sai ya roƙa. Ai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, kowa ya ji wannan a Islamiyya, amma kamar an shuka dusa.

Iyaye mu ma da namu. Yaro ya kai shekara talatin uwa na ɓoye masa kwanon tuwo tana ƙulla masa na aski a bakin zani, in ka yi magana a ce ka sa masa ido. Ku tashi ku nemi abin yi dan Allah, ko mene ne, in dai halal ne.

Da can saurayi in ba shi da ko sisi gara ya taka daga Kofar Doka har Samaru da ya buɗe baki ya ce a ba shi na mota, in ma ka miƙa masa sai ya sunkuyar da kai ya ce a bar shi Baba. Ina wannan kunyar ta tafi ne? Saƙon yaron nan har yanzu yana wayata ban amsa ba, ɗazu da safe ma ya ƙara turo wani: "Kawu shiru."